Kowane sashe ya yi kyau, amma hoton bai haɗu ba: ina matsalar take?

Tambaya: Ina zanen fuskokin mutane da fensir, kwanan nan kuma na fara taɓa fenti. Nakan zauna a kan ido ɗaya har sai ya fito kamar zai ƙifta, sannan in wuce hanci, in wuce baki. Amma idan na gama na jingine hoton, sai in ga kowane sashe ya yi kyau shi kaɗai, hoton kuwa bai haɗu ba, wani lokacin ma bai yi kama da mai shi ba. Yaya zan yi in riƙa ganin hoton gaba ɗayansa alhali ina aiki a kan ɗan wuri guda?

Amsa: Ɗan'uwa, bari in fara da kwantar maka da hankali, hannunka ba shi da laifi. Wanda ya iya zana ido har ya yi kamar zai ƙifta ya riga ya samu abin da wasu ke shekaru suna fafutukar nema. Ciwon naka yana wuri biyu ne: inda kake tsayawa lokacin da kake yanke wa hoton hukunci, da kuma abin da kake fara yanke wa hukuncin.

Miƙe hannunka gaba, ka ɗaga babban yatsa, ka dubi farcen. Iyakar abin da idon ɗan Adam yake gani tangaran a lokaci guda bai fi faɗin wannan farcen da wani abin kirki ba, wato kimanin digiri 2 kacal daga cikin duk abin da ke gabanka. Saura duk dishi-dishi ne. Abin da ya sa ba ma lura shi ne ido ba ya zama wuri ɗaya, tsalle yake yi daga nan zuwa can kusan sau 3 a kowace daƙiƙa, ƙwaƙwalwa kuma tana harhaɗa guntayen ta miƙo mana hoto guda. To yi lissafin da kanka. Idan ka sunkuya a kan takarda, tsakaninka da ita santimita 30, wurin da kake gani sosai bai wuce santimita 1 ba. Idan ka ja baya mita 3, sai ya zama kamar santimita 10, ragowar hoton ma ya tattaro ya matso kusa da tsakiyar ganinka. Ke nan muddin kana sunkuye, duk lokacin da kake son gwada ido da haɓa, sai ka dubi ɗaya, ka riƙe shi a ka, sannan ka koma kan ɗayan. Abin da aka riƙe a ka kuwa, kafin a kai shi inda za a kai shi ya riga ya ƙaru ko ya ragu.

Ido kuma yana da 'yan lelensa. Wani masani ɗan Rasha, Alfred Yarbus, ya yi bincike a shekarun 1950 da 1960 yana bin sawun inda ƙwayar ido ke sauka idan mutum yana kallon hoto. Ya tarar cewa idan fuska ce, mai kallo yana ta komawa kan idanu da baki ne, sauran kan kuwa da ƙyar yake leƙa shi. Abin da ido ya fi zama a kansa shi hannu yake kambamawa. Shi ya sa kusan duk mai koyo yake zana idanu manya fiye da yadda suke, ya matse goshi da ƙoƙon kai, ya tura idanun can sama. Alhali a kan babban mutum, idan yana fuskantarka, idanu suna wajen tsakiya ne tsakanin saman kai da ƙasan haɓa. Ɗauko tsofaffin zanukanka ka auna da fensir, ina kyautata zaton za ka samu wannan a yawancinsu. Kama da mutum kuwa ba a gashin ido take ba. Kana gane wanda ka sani daga nesa, tun kafin ka iya ganin ƙwayar idonsa, daga siffar kansa da yadda wuyansa ya ɗauke shi da inda inuwa ta kwanta a fuskarsa. Idan waɗannan suka kuskure, duk adon da ka yi wa ido ya zama garin gyaran gira an rasa idon.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Babu wani tabo a jikin hoto da yake daidai ko kuskure shi kaɗai. Maƙwabtansa ne ke sa ya zama daidai ko kuskure. A shekarar 1824 aka naɗa masanin sinadarai Michel-Eugène Chevreul shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke birnin Faris, sai aka riƙa kawo masa ƙorafi cewa baƙin zaren da ake rinawa ba ya yin baƙi sosai. Da ya bincika sai ya ga rinin lafiyarsa lau. Launukan da ake saƙawa kusa da baƙin ne suke sauya yadda ido ke ganinsa. Ya wallafa sakamakon a 1839, masu zane kuma suka daɗe suna cin moriyarsa. Mayar da wannan kan takardarka. Lokacin da kake zana idon nan, fari ne fat kewaye da shi, saboda haka duk ɗan duhun da ka sa sai ya yi maka kamar ya isa. Bayan awa uku ka zo ka cika gashi da baƙi, ka duhunta sararin da ke bayan mutumin, sai idon da ka ga ya yi daram ɗazu ya koma fayau, ba shi da nauyi. Ko kuma akasin haka: ka bar farin ido fari tas kamar takarda, domin a kanka sunansa fari. Amma je ka dubi mutum na gaske a cikin ɗaki, ka ƙanƙance idanunka. Farin idon nan yana cikin rami, ƙashin gira ya yi masa rumfa, fatar ido ta sama ta jefa masa inuwa. Sau da yawa ya fi goshi duhu, ya fi saman kunci duhu. Abin da yake fari da gaske shi ne ɗan ɗigon hasken da ke ƙyalli a kan ƙwayar, shi ma ɗin ba zai yi ƙyalli ba sai an rage wa duk abin da ke kewaye da shi haske. Ba yadda za a yi ka san wannan alhali goshin da kuncin ba su wanzu a takardar ba tukuna.

Paul Cézanne, mai zane ɗan Faransa, ya kai wannan fahimta maƙura. A 1899 ya zana dillalin hotuna Ambroise Vollard, wanda ya ce sau 115 ya zauna masa. Duk da haka akwai 'yan wurare biyu ƙanana a bayan hannun da Cézanne ya bari ba fenti, ƙyallen da ake zanen a kai yana leƙowa. Da Vollard ya yi masa magana, sai ya nuna masa cewa bai samo launin da ya dace da wurin ba tukuna, idan kuwa ya sa wani da ka, to dole ya sake bin hoton gaba ɗaya tun daga wannan ɗigon. Hoton yana nan a Faris har yau. Ba cewa nake ka yi zama ɗari ba, so nake ka ga yadda mutumin yake kallon ɗigo biyu a bayan hannu: a wurinsa suna ɗaure da kowane ɗigo na hoton.

To tunda haka ne, tsarin aikin naka ne zai juya. Maimakon ka gama ido ka wuce hanci, hoton duka zai riƙa tasowa tare, mataki bayan mataki, kada wani sashe ya tsere wa saura da nisa. Kafin ma ka taɓa babbar takarda, ɗauki 'yar ƙarama ka ja akwati da bai wuce santimita 5 ko 6 ba, mai fasali irin na takardar da za ka yi aikin a kai. A cikin akwatin ka zana hoton da matakai uku kawai: haske, duhu, da tsaka-tsaki. Ba ido, ba hanci, domin wurin ba zai ɗauka ba, amfanin ƙanƙantar ke nan. Yi huɗu ko biyar, kowanne minti biyu. A ɗaya ka matsar da kan gefe, a wani ka duhunta baya, a wani ka yanke kafaɗa. Jera su, ka ja baya, za ka ga ɗaya ya kama ido tun daga nesa, sauran kuwa sun yi lami. Wanda ya kama idon shi ne hotonka. Manna shi kusa da inda kake aiki, ka riƙa komawa gare shi har ƙarshe, domin tsakiyar aiki za ka manta abin da ka ƙudura tun farko.

Kada ka ɗauka wannan aikin 'yan koyo ne. Georges Seurat, shahararren mai zane ɗan Faransa, ya yi gomman ƙananan gwaje-gwaje a kan 'yan alluna da takardu kafin babban hotonsa na masu shaƙatawa a tsibirin Grande Jatte, wanda ya ɗauke shi daga 1884 zuwa 1886. Hoton nan mai kusan mita 2 a tsaye da mita 3 a kwance da ƙananan ɗigo-ɗigo aka gina shi, amma inda kowane mutum zai tsaya da inda inuwa za ta faɗi an riga an tsayar da su tun kafin ɗigon. John Constable na Ingila kuwa har gwaji yake yi mai girman hoton kansa, ƙyalle mai faɗin ƙafa shida, da babban burushi, cikin sauri, don kawai ya ga yadda haske da duhu za su rabu a wannan girman. Gwajin da ya yi na shahararren hotonsa na amalanke a cikin rafi, na 1821, yana ajiye a Landan, ainihin hoton ma yana can a wani gidan adana hotunan daban.

Idan ka zo babbar takarda, fara da abin da ya fi girma. Ina saman kai, ina ƙasan haɓa, ina iyakar faɗi ta dama da ta hagu, ta wane gefe kan ya karkata. Layuka miƙaƙƙu, marasa nauyi, waɗanda gogewa ɗaya za ta ɗauke. Daga nan ka raba fuskar biyu, ɓangaren da haske ya bugo da ɓangaren inuwa, ka cika inuwar da duhu iri ɗaya, ramin ido ma a matsayin tabo guda. Gashi tabo guda, riga tabo guda, baya tabo guda. A cikin rabin awa na farko kada a samu wani wuri a takardar da ba ka yanke masa hukunci ba, ko da hukuncin a bar shi fari ne. A wannan matakin hoton ba shi da kyan gani, kuma a nan ne yawancin mutane ke karaya, su ruga su gama ido ɗaya don su tabbatar wa kansu cewa sun iya. Daure. Idan kamar mutumin ba ta fito a wannan matakin ba, ba za ta fito daga baya ba, gyara kuma yanzu ne yake da araha. Tun ran gini tun ran zane. In da fenti kake aiki, riƙe burushin da kake ganin ya yi wa aikin girma, kada ka sauya shi sai ya gaza da gaske. In fensir ne, kwantar da shi ka yi aiki da gefensa, ko ka ɗauki gawayi. Kayan aiki mai tsini yana jan hankali zuwa ƙananan abubuwa ko ba ka so.

Sai maganar tsayuwa. In da hali, daina zane a kwance a kan tebur. Takardar da ke kwance kana ganinta ne a karkace, samanta ya fi nisa da idonka, sai ka riƙa tsawaita abubuwa ba ka sani ba. Jingine allon a tsaye, daidai da idonka, kai ma ka tsaya da ƙafafunka. Mutumin da ya zauna ya nutse a kujera ba ya son tashi, wanda ke tsaye kuwa ja da baya ba ya masa wuya. Yi alama a ƙasa, nisan da ya kai kamar ninki uku na tsawon hoton. A kan wannan alamar za ka riƙa yanke hukunci. Gaban allo wurin aiwatarwa ne kawai. Ka tsaya a can, ka ga cewa inuwar ƙarƙashin kunci tana son ƙarin duhu, ka taka ka sa, ka dawo ka duba. Idan kana gaban allon sai wani sabon gyara ya faɗo maka, kada ka yi shi, koma alamar ka tambaya tukuna. Sau da yawa daga can za ka ga babu buƙatarsa.

Waɗanda suka zauna wa John Singer Sargent ya zana su sun ba da labarin cewa haka yake yi: ya ajiye ƙyallen kusa da mutumin, ya ja baya ya dube su tare, ya tako da sauri ya sa shafa ɗaya, ya sake komawa. An kuma rubuta cewa Diego Velázquez yakan yi amfani da burushi mai dogon mariƙi don ya yi aiki daga nesa. Wanda ya matsa kusa da babban hotonsa na 1656 da ke gidan Prado a Madrid, na 'yar sarki da kuyanginta, zai ga adon rigunan shafe-shafe ne kawai da ɗigon fenti, ba su da siffa. Taku kaɗan baya, sai su zama siliki da leshi da ƙyallin azurfa. Rembrandt ma, a wata wasiƙa ta 1639, ya nemi a rataye hotonsa a wuri mai haske sosai, inda za a iya kallonsa daga nesa. Mutanen nan sun san daga inda za a kalli aikinsu, don wannan wurin suka yi shi. Kai ma tambayi kanka: wannan hoton a bango zai zauna, mutane su gan shi daga ƙofa, ko a hannu za a riƙe shi? Rufin ɗakin ibada na Sistine da ke fadar Paparoma, wanda Michelangelo ya zana daga 1508 zuwa 1512, yana sama da ƙasa da kusan mita 20. Sassan da ya fara yi cike suke da mutane masu yawa ƙanana, na baya kuwa mutanen ba su da yawa, ga su manya, siffarsu a fili. Masana da dama na ganin sauyin ya zo ne bayan an sauke katakon da yake hawa daga rabin farko, ya samu damar ganin aikin daga ƙasa.

Ja da baya kaɗai ba ya isa, domin ido yana sabawa. Bayan awa ɗaya kana kallon karkataccen baki, ƙwaƙwalwa ta karɓe shi a matsayin daidai. Dole ka riƙa yi mata bazata. Mafi tsufan dabara ita ce madubi, Leonardo da Vinci ya rubuta ta a cikin bayanansa fiye da shekara 500 da suka wuce: ka dubi aikinka a madubi, zai juya, ya zama kamar na wani, aibin wani kuwa ya fi saurin ganuwa. Juya wa hoton baya, ka ɗaga ƙaramin madubi ka leƙa ta kafaɗa. Karon farko abin yakan ba da tsoro, sai ka ga ido ɗaya ya fi ɗaya tudu, muƙamuƙi ya zame gefe. Kuskuren yana nan tun ɗazu, sabo ne ya rufe shi. Kifa hoton, kai a ƙasa, shi ma yana yin wannan aikin, har ya fi, domin fuska a kife ta daina zama fuska, ta koma tabo-tabo da za ka iya aunawa ba tare da son rai ba.

Wayarka ma kayan aiki ce babba. Ɗauki hoton aikin, ka dube shi a ƙanƙance, sannan ka mayar da shi baƙi da fari. Wannan na biyun yana da muhimmanci ga mai shiga fenti irinka, saboda launi yana ruɗar ido game da haske da duhu. Ja mai ƙarfi yakan yi kamar mai haske alhali duhu ne. Masaniyar ƙwaƙwalwa Margaret Livingstone ta jami'ar Harvard ta nuna wannan da hoton fitowar rana da Claude Monet ya yi a 1872 a tashar jiragen ruwa ta Le Havre: ranar nan mai ruwan lemo da ke ci kamar wuta, idan aka cire launi daga hoton, sai ta kusan ɓacewa cikin sararin sama, domin haskensu ɗaya ne. A hoton Monet abin ya zama ƙarfi, shi ya sa ranar take kamar tana rawa. A hoton mai koyo kuwa yakan faru ba da niyya ba, fuska da baya su zama mataki ɗaya, mutumin ya narke cikin bango, mai zane ya rasa dalili.

In kuma a kwamfuta ko a waya kake zane, haɗarin ya ninka, tunda kana iya zuƙo hoton har ka shiga cikin ƙwayar ido ka yi awa guda kana gyara abin da ba wanda zai taɓa gani. Buɗe ƙaramar taga ta biyu da ke nuna hoton duka, ka bar ta a gefe, kuma ka hana kanka zuƙowa har sai an kai matakin ƙarshe.

Dabarar da ta fi duka ita ce lokaci. Wani mai zane da ake kira Palma ƙarami, wanda ya ga yadda babban mai zanen Italiya Titian yake aiki a ƙarshen rayuwarsa, ya ba da labarin cewa Titian yakan shimfiɗa manyan launuka, sannan ya juya hoton ya fuskanci bango, wani lokacin har watanni, ba ya ko kallonsa. Ranar da ya juyo shi, sai ya ƙare masa kallo irin wanda ake yi wa abokin gaba, yana neman aibi. Kai kwana ɗaya ma ya ishe ka. Abin lura shi ne daƙiƙun farko bayan ka juyo shi. Abin da ya fara sukar idonka a lokacin, rubuta shi nan take, domin bayan minti biyu sabo zai dawo ya lulluɓe shi.

Yanzu ga wuri mai ciwo. Duk waɗannan dabarun za su nuna maka gaskiya, amma ba za su ba ka ƙarfin zuciyar aiki da ita ba. Wata rana madubi zai gaya maka cewa idon da ya fi kowane sashe kyau ya yi sama da santimita ɗaya. Abin da kusan kowa yake yi shi ne ya bar idon, ya shiga lanƙwasa hanci da kunci da goshi don su dace da shi, sai hoton duka ya karkace saboda sashe guda. Wannan shi ne ainihin sharrin gama wuri da wuri: abin da ka zuba wa awa uku ba ka iya goge shi. Goge shi. Hannun da ya yi shi sau ɗaya zai sake yinsa, a inda ya dace. Sargent ya shahara da kankare fuska gaba ɗaya ya sake ta, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Lokacin da Pablo Picasso yake zana Guernica a 1937, ƙaton hoton nan mai kusan mita 3.5 a tsaye da mita 7.8 a kwance, Dora Maar ta riƙa ɗaukar hotunan matakansa da kyamara. A matakan farko akwai hannu a tsakiya, an ɗaga shi sama a dunƙule, abu mai ƙarfi da jan ido. A hoton ƙarshe babu shi. Henri Matisse ma ya bar hotuna 22 na matakan wani zanensa na mace a kishingiɗe, a cikin watanni kamar shida na 1935, kuma wanda ya bi su a jere zai ga yawancin aikin ragewa ne da sauƙaƙawa, har hoton ya tsaya a kan 'yan manyan siffofi. Kai ma riƙa ɗaukar hoton aikinka a kowane mataki. Wani lokacin za ka tarar cewa awa biyu da suka wuce ya fi yanzu rai, daga nan ka gane inda kake fara ɓata shi.

Kada ka fahimce ni da cewa ƙananan abubuwa laifi ne, ko cewa sai ka koma zane da shafe-shafe. Jan van Eyck ya zana wani ɗan kasuwa mai suna Arnolfini da matarsa a 1434 a kan allo mai kimanin santimita 82 da 60. A bangon bayansu akwai ɗan madubi mai nuna ɗakin duka, kewaye da shi kuma ƙananan hotuna goma, ga gashin kare kamar a ƙirga. Duk da haka daga ƙofa abin da za ka fara gani mutum biyu ne, ɗaya cikin duhun tufafi, ɗaya cikin kore, haske yana shigowa ta taga. Ƙananan abubuwan suna zaune ne a cikin manyan, ba su fasa su ba. Binciken da aka yi wa allon da na'ura ya kuma nuna cewa ya sauya matsayin hannu da ƙafafu yana cikin aikin. Ka'idar a aikace ita ce: duk abin da za ka ƙara a cikin inuwa, kada ya kai hasken ɓangaren haske, duk abin da za ka ƙara a cikin haske, kada ya kai duhun inuwa. Bayan kowane ƙari ƙanƙance ido. Idan manyan tabo ukun nan na ɗan akwatinka suna nan, ci gaba. Idan sun farfashe sun zama yayyafi, ka wuce gona da iri.

Kuma ba kowane wuri ne ya cancanci kammalawa iri ɗaya ba. Idan kunne da maɓallin riga da ido duk sun samu kulawa daidai wa daida, mai kallo ba zai san inda kake son ya duba ba. Zaɓi wuri guda, a nan za ka tara gefuna mafi kaifi da bambancin haske da duhu mafi ƙarfi. Sauran ka sassauta musu, wasu gefunan ma ka bar su su narke cikin baya. Don ka iya zaɓa, sai ka san abin da ya sa kake zana wannan mutumin. Kafin ka fara, faɗa wa kanka a jimla ɗaya: gajiyar da ke kafaɗunsa ce, ko yadda haske ya zubo ta gefen fuskarta. Duk shafar da ba ta taimaki wannan jimlar ba, komai kyanta, tana rage mata ƙarfi.

Za ka ga wasu ƙwararru a intanet suna fara zane daga ido ɗaya, suna gamawa sashe-sashe, kuma ya fito daidai, ka ce to su fa? Lura da kyau, galibi akwai siraran layuka da aka riga aka auna a takardar, ko an raba ta gida-gida daga hoton kyamara wanda ya riga ya tsayar da tsari da haske. Haka masu zane a kan ɗanyen filastan bango suka riƙa yi a Italiya: dole su gama yanki guda a rana kafin ya bushe, saboda haka sai su fara zana abin duka a takarda mai girman bangon. Irin wannan takarda da Raphael ya yi don hotonsa na taron masana falsafa, mai faɗin kusan mita 8, tana nan a Milan. Masu aiki sashe-sashe sun riga sun gama da babban tsari ne a wani wuri da kyamara ba ta nuna maka ba.

Akwai kuma wani ja da baya da ya fi na mita uku, shi ne daga hoto guda zuwa aikinka duka. Mai zanen da ya ɗora martabarsa a kan takarda ɗaya ba zai iya goge komai a cikinta ba, tsoro zai riƙe masa hannu. Rage wa kowane hoto wannan nauyin. Na wani ɗan lokaci, maimakon hoto ɗaya na awa goma, yi goma na awa ɗai-ɗai, ka tsayar da kowanne a matakin manyan tabo, ba gashin ido ko ɗaya. Rubuta kwanan wata a bayan kowanne. Bayan wata biyu ko uku shimfiɗa su a ƙasa bi da bi, ka tsaya a kansu. Abin da hoto ɗaya ba zai taɓa nuna maka ba jerin zai nuna: wataƙila duk kawunanka suna karkata gefe guda, ko kullum kana tsoron duhu sai ka tsaya a toka-toka, ko kullum mutumin yana tsakiyar takarda cif, ko wuya yana fita siriri. Ɗauki guda ɗaya daga cikin waɗannan, shi kaɗai, ka sa shi a gaba a zanuka goma masu zuwa, sannan ka sake shimfiɗawa.